Takarda Ba Ta Kiɗa: Yadda Samarin Leipzig Suka Tsara Mujallarsu

Ranar 3 ga Afrilu, 1834, wata sabuwar mujallar kiɗa ta fito a birnin Leipzig na ƙasar Jamus, kuma wanda ya ɗauke ta a hannu ba zai ga abin burgewa a jikinta ba. Shafi huɗu ne kacal, kowanne an raba shi gida biyu daga sama zuwa ƙasa, ba launi, ba zanen ado. Inda ake sa sunan edita an rubuta cewa wata ƙungiyar masu fasaha da masoyanta ce ke fitar da ita, sannan a saman rubutun farko an ɗora 'yar gajeriyar magana daga Shakespeare. Mutum huɗu ne suka ɗauki nauyin aikin. Robert Schumann da Ludwig Schunke duk shekarunsu 23, Julius Knorr ya ɗan girme su, sai dattijo guda, Friedrich Wieck, malamin da ya koya wa Schumann fiyano. Mujallar, wadda daga 1835 aka san ta da suna Neue Zeitschrift für Musik, har yau tana fitowa. Tarihinta ya dace da duk ɗaliban makarantar kiɗa da suka zauna tsara mujallar kansu, domin irin wannan zama yakan tafi ne wajen gardamar bango da launi da siffar baƙaƙe, alhali abubuwan da suka yanke ƙaddarar mujallun kiɗa tun farko wasu ne dabam: shafi nawa, sau nawa za a fito, wa zai biya maɗaba'a, sunan wa zai hau kan sharhi, kuma ta yaya mai karatu zai ji abin da ake ba shi labari. Waɗannan su ne tsarin mujalla na gaskiya, kuma su ke iyakance abin da za a iya faɗa a cikinta tun kafin kowa ya ɗauki alƙalami.

Matsalar farko ta samo asali ne daga irin kiɗan. Kiɗan da ake kira kilasik rubutaccen kiɗa ne: mai tsara shi yakan zauna ya rubuta kowane sauti da alama a kan layuka biyar, makaɗa kuma su karanta su kaɗa, ko da mai shi ya shekara ɗari a kabari. Kafin Edison ya ƙera na'urar ɗaukar murya a 1877, ba hanyar jin simfoni sai mutum ya je zauren da makaɗa suka taru, ko ya sami takardar ya gwada da kansa a fiyanon gida. Saboda haka mai sharhi a mujalla yana magana ne a kan abin da yawancin masu karatunsa ba su taɓa ji ba. Dole ya nuna musu alamomin, kuma a nan ne injin buga littafi ya gindaya nasa sharaɗin. A wancan zamani rubutu ana buga shi da baƙaƙen dalma masu tudu, waɗanda ake jerawa ɗaya bayan ɗaya. Kiɗa mai kyan gani kuwa ana sassaƙa shi ne a jikin farantin ƙarfe, tawada ta kwanta cikin ramukan, a danne takarda da wani injin dabam. Ba a haɗa su a bugu guda. Wajen 1755 Immanuel Breitkopf na Leipzig ya fito da dabara: ya farfasa alamomin kiɗa zuwa ƙananan gutsattsari, kan alama dabam, sandarta dabam, guntun layi dabam, mai jera baƙaƙe ya harhaɗa su cikin shafi ɗaya da rubutu. Aikin yana cin lokaci da kuɗi, kuma idan aka ƙura ido ana ganin 'yan tsage-tsage inda gutsattsarin suka haɗu. Shi ya sa misalan da ke cikin sharhi suke gajeru, layi ɗaya ko biyu, cikakken kiɗa kuma sai a buga shi a takarda dabam a cusa a tsakiya. Bugun dutse da Alois Senefelder ya ƙirƙiro a Munich a ƙarshen shekarun 1790, wanda takardun kiɗa na cikin abubuwan farko da aka buga da shi, ya rage tsada amma bai kawar da wannan rabuwa ba.

Ba mamaki kamfanin da ya mallaki baƙaƙen kiɗa na Breitkopf shi ne ya kafa babbar mujallar kiɗa ta zamanin. Kamfanin Breitkopf da Härtel ya fara Allgemeine musikalische Zeitung a 1798, Friedrich Rochlitz na edita. Tana fitowa mako-mako, ana ƙirga ta da ginshiƙan rubutu maimakon shafuka, ana kuma haɗa ta da takardar tallan sababbin kiɗe-kiɗen da ke kasuwa. Ba a raina aikinta. A cikinta ne E. T. A. Hoffmann ya buga sharhinsa na Simfoni ta Biyar ta Beethoven a 1810, cike da misalan kiɗa, sharhin da ya canza yadda Jamusawa ke magana a kan kiɗan da ba waƙa a cikinsa. Sai dai mai mujallar ɗan kasuwar takardun kiɗa ne, kuma ba shi kaɗai ba. Kamfanin Schott na Mainz ya kafa tasa a 1824, Schlesinger na Berlin ya kafa tasa a shekarar, ɗansa Maurice ya kafa wata a Faris a 1834. Mai sayar da kaya shi ke biyan mai yabon kaya. Ba sai an umarci edita ya yi ƙarya ba. Ya isa ya san inda abincinsa yake, sai sharhi ya koma lallami, kowane kiɗa ya zama "ba laifi". Schumann ya ɗanɗana wannan da wuri. A Disamba 1831 mujallar ta buga sharhinsa a kan wani saurayi ɗan Poland da ba a san shi sosai a Jamus ba, Chopin, inda ya rubuta shi kamar hira tsakanin abokai, ya kuma kira yaron gwani na gaske. Editan lokacin, G. W. Fink, ya buga shi amma ya jera masa wani sharhin mai sanyi na wani tsohon hannu, kamar mai neman gafarar masu karatu. Daga nan alƙalamin Schumann bai sake samun gurbi a can ba.

Wannan ne ya sa Schumann da abokansa, waɗanda ke haɗuwa da yamma a gidan shan gahawa na Coffe Baum a Leipzig, suka fara da tambayar wa zai buga. Schumann ya san harkar tun daga gida, don mahaifinsa mai sayar da littattafai ne kuma mai buga su a garin Zwickau. Shi kansa ya shiga jami'a a 1828 da sunan karatun lauya, ya yi Leipzig ya yi Heidelberg, ya watsar a 1830 don ya zama makaɗin fiyano, sai hannunsa na dama ya samu matsala, burin ya rushe. Suka kai aikin wurin wani mai sayar da littattafai, C. H. F. Hartmann, wanda ba ya cikin manyan 'yan kasuwar kiɗa. Shawarar tana da kyau ta fuskar 'yanci, amma shawara ta biyu, wato a tafiyar da mujalla da sunan ƙungiya, ba ta kai shekara ba. Knorr, wanda aka ɗora wa editanci, ya kwanta rashin lafiya. Wieck ya shagala da yawon kai 'yarsa Clara wasanni gari-gari. Schunke ya rasu da tarin fuka a Disamba 1834. Rigima ta ɓarke da Hartmann, kuma kafin shekara ta ƙare Schumann ya karɓi mallakar mujallar shi kaɗai, ya koma wurin wani mai buga littattafan, Barth. Duk wanda ya san yadda ƙungiyoyin ɗalibai ke watsewa da zarar jarrabawa ta matso zai gane labarin. Abin lura shi ne mujallar ta rayu saboda tsarinta ƙarami ne har mutum ɗaya zai iya ɗauka idan sauran sun zame. Da sun fara da shafi arba'in da hotuna, da ta mutu tare da Schunke.

Shafi huɗu, sau biyu a mako: wannan ma'auni shi ya haifar da salon rubutun da ake yaba wa Schumann. Wurin ba ya ɗaukar doguwar lacca, saboda haka sharhi ya zama gajere mai kaifi, wani lokaci 'yan jimloli kaɗan a kan tarin sababbin kiɗe-kiɗen fiyano. Fitowa akai-akai kuma ta ba da damar a yi maganar wasan da aka yi a zauren Gewandhaus na Leipzig tun mutane ba su manta ba, a kuma buga wasiƙun wakilai daga Faris da Landan da Biyana, a rufe da 'yan labarai a shafin ƙarshe. Idan abu ya yi girma sai a yanka shi kashi-kashi. Haka aka yi da sharhin Symphonie fantastique ta Berlioz a 1835, wanda ya ratsa fitowa da dama. Schumann bai taɓa jin makaɗa sun kaɗa wannan simfoni ba a lokacin. Abin da ke gabansa shi ne juyin da Liszt ya yi mata zuwa fiyano. Daga wannan takarda ya bi ta sashe-sashe, yana ƙirga ma'aunan kiɗan, yana nuna inda aka bar wani sauti aka koma wani, yana kawo misalai don mai karatu ya zauna gaban fiyanonsa ya taɓa da yatsunsa. A irin wannan sharhi misalin kiɗa shi ne shaidar da mai sharhi ke gabatarwa. In an cire shi, abin da ya rage ra'ayi ne kawai, sai mai karatu ya yarda ko ya ƙi.

Sai batun sunaye, wanda nake ganin shi ne mafi wayo a duk tsarin. Schumann ya ƙirƙiro wata ƙungiyar boge ta mayaƙan Annabi Dawuda masu yaƙar Filistiyawan kiɗa, wato masu son abin da aka saba kawai, ya kuma raba kansa gida-gida a cikinta. Florestan mai zafin kai ne, yakan faɗi abu gaba gaɗi. Eusebius mai sanyin rai ne, yana neman abin yabo ko a kiɗan da bai kai ba. Malam Raro dattijo ne mai raba gardama. Sau da yawa kiɗa ɗaya zai sami sharhi biyu a shafi guda, wannan na suka, wancan na rarrashi. Amfanin farko a bayyane yake: mujallar da marubutanta ba su da yawa ta yi kama da dandali cike da mutane. Amfani na biyu ya fi zurfi. Tsohuwar mujalla tana magana da murya ɗaya ta alƙali mai yanke hukunci, ita kuwa wannan ta nuna wa mai karatu cewa kunnuwa biyu masu hankali za su iya jin abu ɗaya su saɓa, ta bar masa aikin zaɓa. Wani abin dariya shi ne, wannan mujalla mai iƙirarin sabunta komai an buga ta ne da tsofaffin baƙaƙen Jamusanci masu ƙusurwoyi, yayin da abokiyar hamayyarta mai ra'ayin 'yan mazan jiya ke amfani da baƙaƙen Latin masu sauƙin karatu. Wanda ya auna su da siffar baƙaƙe zai ɗauki tsohuwa a matsayin sabuwa.

Daga 1838 zuwa 1841 mujallar ta riƙa haɗa wa masu biyan kuɗin shekara da ɗan littafin kiɗa duk bayan wata uku, kamar gyaran da mai awo ke ƙara wa abokin ciniki. A ciki ana jera tsoho da sabo, Bach da Beethoven kusa da Mendelssohn da Clara Wieck da shi Schumann, kuma jerin kansa hujja ce: ga kakanni, ga waɗanda muke cewa su ne magadansu, ku kaɗa ku gani. Bayan shekara huɗu abin ya tsaya. Ingila ta ba da misalai biyu da ke nuna cewa nauyin wannan ƙari shi ke kashe mujalla ko ya raya ta. The Harmonicon, wadda William Ayrton ya shirya a Landan daga 1823, kusan rabinta kiɗa ne bugagge, kyakkyawa ce ƙwarai, amma ba ta mayar da kuɗinta ba, ta rufe a 1833. The Musical Times kuwa, wadda Alfred Novello ya fara a 1844, ta zo da ƙaramin shafi da kiɗan rera waƙa na taro guda ɗaya a kowace fitowa, a kan kwabo ɗaya da rabi, daidai lokacin da azuzuwan koyon waƙa ke yaɗuwa tsakanin ma'aikata da majami'u. Ƙungiyar mawaƙa takan sayi kwafi da yawa saboda kowa na buƙatar nasa a hannu. Girman shafin ya zama ma'aunin da ake buga kiɗan taro da shi a Ingila. Mujallar ta san wanda zai riƙe ta da abin da zai yi da ita, shi ya sa ta daɗe.

Mai ja zai ce duk wannan ƙawa ce, Schumann gwani ne, ko a bayan ambulan ya rubuta sai an karanta. Akwai gaskiya a ciki, don ba tsarin da zai mayar da maras kunne mai sharhi. Amma gwanintar tana nan a 1831, kuma abin da ta samu a gidan wani shi ne fitowa ɗaya da rufe ƙofa. A 1838 ya tafi Biyana da niyyar mayar da mujallar can, ya shafe watanni yana neman izinin hukumar tace rubuce-rubuce ta Austriya bai samu ba, ya dawo Leipzig a 1839. Alƙalamin bai canza ba, wurin da zai zauna ne babu. Haka kuma a Oktoba 1853, shekara tara bayan ya bar editanci, ya aika wa mujallar gajeren rubutu yana shelar wani saurayi ɗan shekara 20 daga Hamburg, Johannes Brahms, wanda ko kiɗa ɗaya bai buga ba tukuna. Aka sa shi a shafin farko. Matsayin da aka ajiye shi, a mujallar da duk mai harkar kiɗa a Jamus ke dubawa, shi ya mayar da yabon aboki hukunci a gaban jama'a, har ya zame wa Brahms kaya a ka. Simfoninsa ta farko ba ta fito ba sai 1876.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma ba na jin za a iya kakkaɓe ta gaba ɗaya. Mujallar da aka tsara don yaƙi, wadda ta saba wa masu karatunta da sunayen aro, makami ce da ba ta zaɓen hannu. Franz Brendel ya karɓe ta a 1845 ya mayar da ita bakin ɓangaren Liszt da Wagner, kuma a 1850 ya buga rubutun ƙiyayya ga Yahudawa a harkar kiɗa, wanda Wagner ya rubuta ya ɓoye a bayan sunan K. Freigedank, yana cin mutuncin Mendelssohn shekara uku bayan rasuwarsa. Malaman makarantar kiɗa ta Leipzig, wadda Mendelssohn ɗin ya kafa a 1843, sun nemi a sallami Brendel daga koyarwa a can, ba a yi ba. Wagner bai sa sunansa a kan rubutun ba sai 1869. Abin da za a iya cewa shi ne sunan aro iri biyu ne. Florestan da Eusebius ba su ɓoye kowa ba, mutanen Leipzig sun san mai su, kuma sunan Schumann na kan mujallar a matsayin wanda za a kama. Freigedank kuwa an ƙirƙire shi ne don kada a kama kowa. Amma a kan takarda kamanninsu ɗaya, kuma al'adar da ta buɗe wa na farko ƙofa ita ta shigo da na biyu. Ɗaliban da ke son ɓoye suna don su soki manya ba tare da tsoro ba suna da hujja, sai dai su san ƙofar da suke buɗewa ba su za su tsare ta ba bayan sun gama makaranta.

Za a kuma ce zamani ya wuce wannan duka, tunda yau kowa na da simfonin duniya a wayarsa. Lallai ɗaukar sauti ya canza mujallun. Compton Mackenzie ya kafa The Gramophone a 1923 don sharhin faya-fayai, BBC Music Magazine ta fito a 1992 da faifai manne a bangonta, wanda shi ne ɗan littafin Schumann a sabuwar riga. Amma samun sautin bai warware matsalar ba, ya matsar da ita ne kawai. Simfoni takan ɗauki minti arba'in ko fiye, kuma mai sharhin da ya ce "ku saurara" bai nuna komai ba sai ya faɗi minti na nawa, wane kayan kiɗa ne ya shigo, me ya canza. Har yanzu sai an yanke shawara ko za a buga alamomin kiɗa, wanda zai kori wanda bai iya karanta su ba, ko a bar su, wanda zai bar mai sharhi ba shaida. Wannan shawara ita ke faɗin su wane ne masu karatu.

Saura maganar mai gida. Gaskiya ne samarin Coffe Baum ba ɗaliban wata makaranta ba ne, kuma wannan ne ya sauƙaƙa musu. Mujallar ɗalibai ta gaske, irin wadda aka fara a Royal College of Music ta Landan a 1904, tana zaune ne a inuwar makarantarta, kuma makaranta a nan tana matsayin Breitkopf: ita ke biya, kuma kayanta ake sharhi. Wasannin da ɗalibi zai rubuta a kansu na malamansa ne da abokan ajinsa. Schumann ma bai kuɓuta sarai ba. Shi mai tsara kiɗa ne da ke neman kasuwa, Clara da mujallar ke yabo ita ya aura a 1840, kuma Robert Friese, wanda ya karɓi buga mujallar a 1837, ya buga wani kiɗan Schumann ɗin. Abin da ya yi shi ne ya riƙa kauce wa sharhin ayyukansa a shafukan da yake iko da su, ya biya farashin hakan da shekarun da kiɗansa na fiyano ya yi ba mai kula shi sosai. Liszt ne ya yi magana a kansu a mujallar Schlesinger ta Faris a 1837, kuma dogon nazari a kansu da Jamusanci, wanda Carl Kossmaly ya rubuta, ya fito ne a 1844 a Allgemeine musikalische Zeitung, mujallar da ya kafa tasa don ya yaƙa.